Tagar da Take Buɗewa Cikin Layi

Alhamis, da hantsi

Na gama share gilashi, ko in ce na gaji da sharewa. Duk inda rana ta haska sai in ga wani abu yana ƙyalli a ƙarƙashin keken ɗinkina. Tagar shago, tagar falo, tagar ɗakin Auta, ba su bar ko ganyen gilashin luba ɗaya a tsaye ba. Ta ɗakin ciki ce kawai ta tsira, don tana baya, jifa bai kai can ba.

Jiya bayan la'asar suka zo. Samarin layin nan ne, babu baƙo ko ɗaya a cikinsu. Wanda ya fara ɗaga dutse, ni na ɗinka masa rigar makarantarsa ta farko, yana kuka yana cewa allura za a yi masa.

Ba zan rubuta abin da ya faru ranar Talata ba. Motar tana hannun 'yan sanda. Aku, 'yar aminiyata da gidansu ke kallon namu, tana asibiti. Maigidana, wanda duk layi ke kira Direba, yana ɗakin ciki tun da aka ba da belinsa, ya juya fuska bango. Iyakar abin da zan rubuta ke nan.

Alhamis, da yamma

Birki ne. Duk wanda ya tambaye ni, birki ne.

Asabar, bayan azahar

Yaya Babba ya zo, wan Direba. Bai ko cire takalmi ba, wai tsoron gilashi. Ya tsaya tsakiyar falo yana kallon kwalayen da na liƙa a tagogi kamar mai duba gawa.

Ya ce, "Ki haɗa kayanku. Ɗakuna biyu na baya a gidana babu kowa. Nan kuma a kawo bulo a toshe tagogin nan har ƙura ta lafa."

Na ce, "Yaya, gida ne ko rumbu?"

"Ke dai ba kya rasa magana. Jiya gilashi, gobe wuta. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne."

Na ce masa ni ba makauniya ba ce, kuma wannan ba rijiya ba ce, layinmu ne. A nan na haifi Auta. A nan na yi wa rabin matan layin nan ɗinkin aurensu. Wanda ya gudu ya amsa laifi ke nan, mu kuwa birki ne.

Ya dube ni. Sai ya ce, "Shi ya gaya miki?"

Na ce masa shayi yana wuta. Ya ce ya ƙoshi. Ya shiga wurin ƙaninsa, na ji muryarsa kawai, ban ji amsa ba. Da zai tafi ya ce taurin kaina zai kashe su duka. Na ce Allah ya kiyaye hanya.

Lahadi, da safe

Duhu. Da kwali a taga, shagon nan ya zama kamar cikin tulu. Na kasa zura zare a allura, ni da nake zurawa ina hira.

Mata biyu sun aiko a karɓi yadinsu, ba a ɗinka ba. Ɗaya ma na riga na yanka. Na haɗa mata da yankan na naɗe da kyau, har da maɓallan da na saya mata. Kada a ce mun ci wani abu na wani.

Ta wannan tagar nake karɓar ɗinki tun da na buɗe shagon. Mace ta tsaya a waje, ta miƙo yadi ta tsakanin luba, mu yi ciniki, mu yi gulma. Aku ma a nan take tsayawa kullum ta dawo makaranta, haɓarta a kan dakalin taga, tana zuba kamar an kunna rediyo. Ni na sa mata sunan.

Ban so in rubuta wannan ba.

Litinin, da la'asar

Na je wurin mai alminiyam da ke bakin titi. Na yi kwalliya na tafi, na bi ta tsakiyar layi, ban bi ta lungu ba. Na gaida kowa. Mai kanti ya amsa da hanci, mai wanki ya duƙufa kan guga kamar ranar ya fara koya. Su ta shafa.

Na ce masa luba nake so, irin wadda aka fasa. Yana nuna mini samfur sai na hango wata a jingine da bango, ganye ɗaya babba, da ɗan hannu a ƙasanta.

Na ce, "Wannan fa?"

Ya ce, "Wannan ba a turawa, Hajiya, ba a ja. Murɗawa ake. Gwada ki gani."

Na kama hannun na juya. Sak hannun keken ɗinkin da na koyi sana'a da shi, har ɗan nauyin nan na farko kafin ya saki. Ganyen ya fara tafiya a hankali, ya buɗe, ya buɗe, har ya tsaya a miƙe. Babu sanda a tsakiya, babu rabi a rufe kamar mai zugewa. Duk faɗin tagar ya zama iska.

Ya ce in aka rufe aka danna makullin gefe, roba tana matsewa, ko ruwan sama da iska ba ya shigowa. Ya ce inda ka tsayar da ita nan take tsayawa, iska ba ta bugo ta.

Na ce, "Ina take buɗewa, ciki ko waje?"

"Waje."

Na ce ita nake so. Duka huɗun, har da wadda ba a fasa ba.

Talata, da hantsi

Ya zo awo. Mutum ne mai shiru-shiru, fensir a bayan kunne. Ya auna faɗi a sama da tsakiya da ƙasa, ya ce bangon shagon ya ɗan karkace, maginin da ya yi shi da yunwa ya yi shi. Na yi dariya. Na manta rabon da in yi.

Sai ya tsaya yana sosa ƙeya. Ya ce, "Sai dai fa, tunda waje take fita, ƙarafan bogilar nan na waje dole a cire su. In kina so a mayar ta ciki."

Na ce a cire, kada a mayar.

"Hajiya, a wannan halin da ake ciki?"

Na ce, "Ƙarfen ya hana dutse shigowa ranar Laraba?"

A ɗakin Auta dai ya kafe sai an sa ta ciki, na yarda. Taurin kai gare ni, ba hauka ba. Amma tagar shago babu ƙarfe. Duk mai son ganina ya gan ni sarai.

Da muka zo ɗakin ciki na yi sallama. Direba bai juyo ba. Mai alminiyam ya auna tagar a kan yatsun ƙafa, kamar mai tsoron tada jariri.

Laraba, da rana

Wata mota ta yi hon a bakin layi. Na ji kofi ya faɗi a ɗakin ciki.

Alhamis, bayan la'asar

Na je asibiti. Na dafa abinci mai ruwa-ruwa na zuba a kula, na sa sabulu da zannuwa biyu masu laushi a leda.

Gwaggon Aku ce ta tare ni a bakin ɗakin yara. Ta ce, "Da wace fuskar?"

Na ce, "Da wadda Allah ya ba ni."

Ta ce in ɗauke kulata kafin ta juye mini ita a ka. Ta kan kafaɗarta na hango Maman Aku a zaune bakin gado, ta ba ƙofa baya. Ɗankwalin da ke kanta ragowar yadin da muka raba ne ni da ita. Na san ta ji muryata, don kafaɗarta ta motsa. Ba ta juyo ba.

Na ajiye ledar a kan benci na dawo da kular. A hanya na ba wata tsohuwa mai jinya abincin.

Ban yi kuka ba. A rubuta, ban yi ba.

Asabar, da safe

Auta ta ce ba za ta koma makaranta ba. Wai an daina zama benci ɗaya da ita, wai wata ta ce mata 'yar mai take yara.

Na ce, "Me kika ce mata?"

"Na ce birki ne, kamar yadda kika ce. Sai ta ce yayanta yana wurin, bai ji ƙarar birki ba."

Na ce birkin da ya lalace dama yana ƙara? Ta zuba mini ido. Yarinyar nan idon ubanta gare ta, ba sa gardama, tsayawa kawai suke a kan mutum.

Ta ce, "Mama, me ya sa ba za mu tafi gidan Baba Babba ba?"

Na ce don Litinin za a kawo mana tagogi.

Ta ce, "Tagogi," ta tashi ta shiga ɗaki. Litinin za ta je makaranta ko da a bayana zan goya ta.

Litinin, da yamma

Tagogin sun iso. A bayan ƙaramar mota aka kawo su, naɗe da leda mai shuɗi, firam fari tas. Duk layi ya fito. Waɗanda suka kasa amsa gaisuwata yau wuyansu ya yi tsawo. Na ji matar mai kanti tana cewa, "'Yar mutane tana kwance, su suna gyaran gida kamar masu shirin biki."

Na leƙo na ce, "Da ba a fasa ba da ba a gyara ba. Ki gaida ɗanki, hannunsa da saiti."

Ta shige ciki.

Maganar tata dai ta zauna mini a rai.

An yanke ƙarafan falo, an ɓalle tsohon firam, siminti ya zubo ya cika mini kujeru da gari. Mai alminiyam ya ɗora sabuwar, ya cusa 'yan katakai ta gefe, yana duba ma'aunin nan mai ƙwayar ruwa har ta tsaya a tsakiya, sannan ya huda ya ɗaure. Ya bi gefen da gam. Kafin magariba falo da ɗakin Auta sun samu ido. Auta da ta dawo makaranta fuska a murtuke, na kama ta tana murɗa hannun tana buɗewa tana rufewa. Da ta gan ni ta saki.

Talata, bayan azahar

Yau ta ɗakin ciki. Direba ya koma falo ya zauna a ƙasa bayan kujera har aka gama. Ya rame. Gemunsa ya fito da fari, ban san yana da furfura haka ba.

Da mai aiki ya fita na kira shi ya gani. Na murɗa masa. Iska ta shigo ta ɗaga labule, ɗakin da ya yi kwana da kwanaki yana warin rufi ya yi numfashi.

Ya ce, "Rufe."

Na ce, "Rufe da kanka. Ga hannun nan."

Na fita na bar shi. Can na ji ƙarar hannun yana juyawa. Na saurara in ji makulli ya danna, ban ji ba. Da na kai masa ruwa na ga ya bar kamar faɗin tafi a buɗe.

Saura ta shago, babbar. An riga an cire ƙarafan da tsohon firam, rami ne kawai a bango, na rataya zani.

Laraba, da hantsi

An ce an sake shiga da Aku ɗakin tiyata. An ce an yi aikin. Wane aiki, ba a faɗa mini ba, ni ma ban tambaya ba.

Laraba, da yamma

Mai alminiyam bai zo ba.

Alhamis, da la'asar

Ya zo, amma babu fensir a kunne. Ya tsaya daga bakin ƙofa.

Ya ce, "Hajiya, ki yafe ni. Shagon da nake ciki na kawun yarinyar ne. Jiya ya zo da kansa."

Na ce, "Ya ce me?"

"Bai ce komai ba. Zama ya yi a bencina ya yi ta kuka. Babban mutum. Ni dai hannuna ba zai iya ba."

Na shirya masa baƙar magana tun jiya, mai kyau, mai ƙaya. Sai ta ƙi fitowa. Na ce to ya zan yi da rami a bango, ga damina ta kankama?

Ya shigo ya nuna mini komai: inda katakan za su shiga, yadda ake duba ƙwayar ruwan a ƙasa da gefe, wane rami ake fara hudawa. Ya ce abu ɗaya kawai, kada a matse noti ɗaya gaba ɗaya kafin sauran, firam zai murɗe, hannun ya yi tauri. Ya ajiye injin hudarsa da ma'aunin a kan teburin yanka, ya ce ya manta su a nan, zai tuna ranar Lahadi. Ya ce aikin mutum biyu ne, ɗaya a ciki, ɗaya a waje.

Mutum biyu. Ni da wa?

Juma'a, da yamma

Dole in rubuta wannan.

Bayan azahar hadari ya haɗu ta gabas, baƙi ƙirin. Iska ta fizge zanin da na rataya ta yi layi da shi. Keke, yadin mutane, zare, komai a buɗe. Na kira Auta muka ciccibi tagar. Nauyi gare ta kamar gawar bijimi. Muka ɗora ta a dakali, ta zame, gefen ya daki yatsana, na yi ƙara.

Sai na ji an ce a bayana, "Ba haka ake ɗauka ba."

Direba ne, da singileti, babu takalmi. Ya dubi tagar, ya dubi ramin, ya dubi ƙofar waje. Na ce ni zan fita, shi ya tsaya ciki. Ya ce ba zan iya riƙe ta ba in iska ta buga. Ya buɗe ƙofa ya fita.

Rabonsa da taka layin nan tun ranar.

Ya tallafe firam ɗin ta waje da hannu biyu, ni ina cusa katako, Auta tana duba ƙwayar ruwa tana cewa dama, dama kaɗan, ya yi yawa. Mutanen da ke gudun ruwa suka rage sauri. Wasu suka tsaya a ƙarƙashin rumfar kanti.

Sai ga Baban Aku ya shigo layi, da kula a hannu, daga asibiti. Ya zo daidai ƙofarsu ya tsaya. Tsakaninsa da Direba faɗin layi ne kawai. Direba ba shi da halin saki, in ya saki gilashin ya tafi, ba shi da halin juya baya. Ta cikin gilashin nake kallon fuskarsa. Direba ya ce, "Sannu da dawowa. Ya mai jiki?" Muryar kamar ba tasa ba.

Baban Aku ya dube shi. Ya daɗe yana dubansa, har ɗigon farko ya fara sauka. Bai amsa ba. Bai kuma tofar da yawu ba, kamar yadda aka ce ya rantse zai yi. Ya shiga gida ya rufe ƙofa.

Direba ya ce, "Huda."

Na huda. Ruwa ya kece muna ɗaure na ƙarshe. Da na gwada hannun sai ya ƙi juyawa, ya cije. Na matse na sama da yawa, abin da aka ce kada in yi. Direba ya shigo jiƙe sharkaf, ya karɓi sukundireba, ya sassauta wannan, ya ƙara wancan, ya kara kunne kamar yana sauraron inji, ya ɗiga man kekena a haƙoran ƙarfen. Hannunsa da ke ɓarin shayi bai yi rawa ba ko kaɗan. Ya ce in gwada. Ta tafi sumul.

Muka rufe muka danna makulli. Ruwa yana dukan gilashi, ko ɗigo bai shigo ba. Mu uku muka tsaya muna kallo kamar ba mu taɓa ganin ruwan sama ba.

Asabar, da safe

Direba ya fito ya karya a falo. Ya aske gemu.

Ya ce, "Ki daina ce wa mutane birki ne."

Na ce shayinsa zai huce.

Ya ce, "Ko ya huce sai kin ji."

Na ji.

Ba zan rubuta ba. Ba wani abu ba ne mai tsawo, ƙiftawar ido ce, irin wadda kowa yake yi a tsira. Litinin zai je ya faɗa wa mai binciken da bakinsa. Na ce ya tuna da Auta. Ya ce ita yake tunawa.

Bai taɓa ce mini birki ne ba. Na bi kwanakin nan ɗaya bayan ɗaya a kaina. Ni na faɗa tun a ranar, a bakin ƙofa, kafin kowa ya tambaye ni.

Asabar, da la'asar

Na buɗe tagar shago har ƙarshe na zauna a keke. Babu ɗinkin kowa, tsohon labule nake yi wa baki. Amma na zauna.

Litinin, da yamma

Direba ya je ya dawo. 'Yan sanda sun karɓi lasisin. Kamfani sun ce ya huta, irin hutun da ba a dawowa. Kotu wata mai zuwa. Yaya Babba ya raka shi, ya dawo yana faɗa, wai lauya ya ce da ya yi shiru da an wuce wurin. Da ya gaji da faɗan ya tsaya gaban tagar shago, ya murɗa ta ya rufe, ya murɗa ya buɗe, ya ce, "Babu ko ƙarfe. Ke dai Allah ya shirye ki." Sai kuma ya tambayi inda shagon mai alminiyam ɗin yake.

Direba ya ci abinci har ya nemi ƙari.

Laraba, bayan la'asar

Samarin sun dawo, su huɗu, suka tsaya jikin katangar da ke gefe. Ɗan mai kanti yana jujjuya dutse a hannu. Na murɗa tagar ta ƙara fita, na ɗora gwiwar hannu a dakali.

Na ce, "Kai, in za ka jefa ka matso. A buɗe take, ba sai ka wahalar da gilashi ba. Ga ni."

Ya ce, "Kun cuci yarinya."

Na buɗe baki in ce abin da na saba cewa. Babu shi.

Na ce, "E. Shi ya sa muke nan, ba mu gudu ba. Duk abin da kotu ta yanke a nan zai same mu. Kai kuma uwarka ta san kana nan?"

Ya jefa dutsen, amma a kwata. Suka watse suna ƙunƙuni. Da suka tafi na zauna a ƙasa cikin ƙyallaye.

Juma'a, da hantsi

An sallamo Aku. Tasi ta tsaya a ƙofarsu. Ubanta ya ɗauko ta a hannu, an lulluɓe ta da zani daga ƙugu zuwa ƙasa. Ta rame, kanta ya yi girma. Da za su shiga ta juyo ta dubi tagarmu.

Hannuna yana kan hannun murɗawa. Ban rufe ba. Ban kuma iya ɗaga mata hannu ba.

Lahadi, da rana

Shiru daga gidansu. Mutane suna shiga da kuloli suna fitowa suna share ido.

Talata, da hantsi

Ina zaune a keke, kaina a ƙasa, inuwa ta rufe mini haske. Na ɗago.

Maman Aku ce, da leda a hannu. Ta tsaya a gefen ganyen tagar, ba ta dube ni ba, kekena take kallo.

Na ce, "Sannu da zuwa." Na miƙe, kujera ta faɗi a bayana.

Ta miƙo ledar ta ɗora a teburin yanka. Wandunan makarantar Aku ne guda uku, ɗinkina ne, na gane bakin da na yi musu.

Ta ce, "Ta hagu. Daga gwiwa. A naɗe a ɗinke, kada ya riƙa reto. Ta ce ba ta son fil, yana sukarta."

Ni mai baki. Ni da ban taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba. Na tsaya riƙe da wando.

Ta ce, "Wani telan zai yi ta tambaya. Ke kin san awonta."

Na ce, "To."

"Ban zo don na huce ba."

"Na sani."

"Ban san ko zan huce ba."

"Na sani."

Ta juya, sai ta tsaya. Ta ce, "An gaya mini abin da ya je ya faɗa." Ba ta ƙara komai ba, ta tsallaka layi.

Na yi kuka. A rubuta wannan ma.

Talata, bayan la'asar

Na gama. Na naɗe ta ciki, na sa shafi mai laushi a inda zai taɓa wurin, na bi da hannu don kada ɗinkin keke ya yi kauri. Ban yanke yadin ba, na bar shi a naɗe a ciki. An ce akwai ƙafar da ake sa wa yara in wurin ya warke, ranar sai a warware.

Direba yana tsaye a ƙofar shago tun ina na biyu. Bai tambayi na wane ne ba. Da na gama ya jona dutsen guga ya goge su da kansa, ɗaya bayan ɗaya, har da ƙafar da aka naɗe. Ya ninke ya sa a leda.

Na ce Auta za ta kai.

Ya ce, "A'a."

Ya sa riga da takalmi. Na ce in suka kore shi fa? Ya ce sai ya dawo, gobe ya koma.

Ya tsallaka. Ya yi sallama, shiru. Ya sake yi. Mai kanti ya fito, mai wanki ya ajiye guga. Ya yi ta uku, yana riƙe da ledar da hannu biyu.

Baban Aku ne ya buɗe. Suka tsaya. Ban ji abin da aka ce ba, ban ma ga bakin kowa ya motsa ba. Sai ya matsa gefe kaɗan, daidai wucewar mutum ɗaya.

Talata, gab da magariba

Har yanzu bai fito ba. Sauro ya fara shigowa, Auta ta ce in rufe taga.

Na ce ta bari tukuna.